Gayyar 'Yan Wambai

Shekarar da kurkunu ya kwantar da Nababa, a cikinta ne Sarkin Zangarma ya mutu, kuma da za ka tambayi mutanen Unguwar Marke wanne ya fi tayar musu da hankali, ba za su ji kunyar gaya maka ba. Nababa dai nasu ne, tare suka yi kiwon awaki, gonarsa tana nan a bakin hanyar da suke bi zuwa kasuwar Ɗanbatta. Sarkin Zangarma kuwa babu wanda ya taɓa ganin ko jelar rawaninsa, domin shi da fadarsa da garin nasa duk a cikin rediyon Dogo mahauci suke zaune. Wasan kwaikwayo ne da ake sakawa ran Laraba bayan la'asar. Amma ranar da aka ce sarki ya cika, na ga dattijo da furfurarsa yana goge ido da hannun riga, mutumin da bai yi hawaye ba ranar da aka binne yayansa.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne. An fito daga fari biyu a jere, rumbuna sun zama wurin kwanan kaji, gidan da ake tuƙa tuwo sau ɗaya a rana shi ake kira gidan masu hali. Sai ga shi bana ruwa ya sauka da wuri, ya kuma ci gaba da zuwa. Nababa ya shuka geronsa da irin da matarsa Barira ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka, ta hana kowa taɓawa duk da yunwar da aka sha. Gero ya fito gwanin sha'awa, ya yi noman farko shi kaɗai. Ana shirin maimai sai idon sawunsa ya kumbura ya yi ƙurji, ƙurjin ya fashe, kan tsutsa ya leƙo. Wanda ya san kurkunu ya san ba a yi masa gaggawa, kullum ɗan kaɗan ake jawowa a naɗe a tsinke. Kafin na farko ya kai rabi, wani ya ɓullo a ɗaya ƙafar. Nababa ya kwanta a zaure, harƙiya kuma ta miƙe a gona tana shan ruwan da aka yi shekara biyu ana roƙo.

'Ya'yansu mata ne, kuma ƙanana. Ƙaninsa ya tafi cin rani kudu tun farin farko, ko saƙon gaisuwa babu. Barira ta ɗauki fartanya ta fita da kanta, ta yi kwanaki tana fama, amma kafin ta kai ƙarshen kunya ɗaya, inda ta baro ya sake yin kore shar. Abu ɗaya ya rage, gayya: a tara maza rana guda, a ba su fura da goro, makaɗi ya zuga su, su share gonar kafin azahar. Idan ba a yi haka ba kafin gero ya fara ɗaukar ciki, to ciyawa ta cinye abincin gidan na shekara.

To amma mazan garin suna da babban aiki a gabansu. Sarki ya mutu ya bar gadon sarauta, ya bar ɗansa Ciroma, saurayi mai zafin kai, ya kuma bar ƙaninsa Wambai, wanda ya riƙe gari duk tsawon jinyar marigayi. Masu zaɓen sarki sai jan ƙafa suke yi, wannan Larabar Madaki ya tafi ta'aziyya, waccan Larabar Liman ya yi mafarki ya ce a dakata. Unguwar Marke ta rabe biyu. Ran Laraba ana sallame la'asar ko addu'a ba a tsayawa, sai a ruga tukubar Dogo, inda nama ya daɗe da zama labari amma rediyo yana nan rataye a reshen marke. Batir ya yi tsada, sai a shanya shi a rana kamar kuɓewa, a ɗan bubbuga shi da dutse a mayar. Idan murya ta shaƙe ana tsakiyar zaman fada, sai ka ga ƙarti sun haɗa kawuna a jikin akwatin ko numfashi ba sa yi. Ana gamawa musu ya kaure har a kira magariba. Mutanen da suka kasa raba rigimar akuyar da ta shiga gonar wake, su ne suka haddace dokar gadon Zangarma tun daga kakan kakan sarki. Shi kuwa Dogo, ɓangaren da ya fi yawa a ranar shi ne nasa.

Da farko na ɗauka zaman banza ne da yunwa, mutum ya rasa abin da zai tauna sai ya koma taunar sarauta. Akwai wannan ma. Amma da na fara duba fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, sai abin ya daina ba ni dariya sosai. Duk wanda ubansa ya mutu ya bar shi a hannun baffa, ɗan ɓangaren Ciroma ne, ko daga barci ka tashe shi. Duk wanda ke riƙe da gandu da 'ya'yan ɗan'uwa a ƙarƙashinsa, Wambai yake yi har da kumfar baki. A ƙasar da gonaki suka matsu har in ka yi atishawa a taka maƙwabci ne zai amsa maka daga tasa, kowane gida da maganar da aka danne saboda zumunci. Ba ka isa ka dubi ƙanin ubanka ka ce ya cinye maka gado ba. Amma Wambai, ai sai ka zage shi son ranka a gaban tsohon, ka ce mai handama ne, macin amana, a tashi a yi musabaha kowa ya kama gabansa.

Babban mai goyon bayan Wambai a garin shi ne Baffa Muhammadu Sani, ƙanin mahaifin Nababa. Gonar kakan Nababa ba a taɓa raba ta ba. Da mahaifinsa ya rasu, Baffa ya riƙe gandu duka, ya riƙe marayu, ya ciyar da su, bai kuma bar kowa a garin ya manta da hakan ba. Da Nababa ya yi aure sai ya yanka masa gefe guda, jingine da nasa, ya ce ya riƙa nomawa. A wurin Nababa wannan yankin somin-taɓi ne daga rabon ubansa. A wurin Baffa aro ne. Ba su taɓa furta wa juna ba, kullum sai "Baffa, ina kwana," a amsa da "Lafiya lau, ɗana." Baffa ne ke da 'ya'ya maza ƙarti da surukai, shi ke da shanun huɗa da kowa ke zuwa aro, don haka gayyar da bai sa wa baki ba ko kare ba zai halarta ba.

Barira ta yafa gyale ta je ta durƙusa a zaurensa. Bayan gaisuwa ta ce, "Baffa, gonar nan ciyawa za ta cinye ta. Na ce ko za ka sa baki a yi mana gayya. Ina da ɗan abin da zan dama fura, goro ma Allah zai hore."

Baffa ya ja carbi ya girgiza kai don tausayi. "Ai dole ne. Nababa wa yake da shi in ba ni ba? Yara za su zo, har Sammani makaɗi zan sa ya zo da gangarsa."

Ta fara jero godiya, ya ɗaga hannu.

"Sai dai akwai 'yar magana. An ce daga kwance yake aikawa tukubar Dogo, wai Wambai macuci ne, ya ci amanar ɗan'uwansa. Yaran nan nawa 'yan Wambai ne, ga su da zuciya. Ba zan iya tilasta musu su sunkuya a gonar mai zagin gwaninsu ba. Ya zo ran Laraba gaban jama'a ya ce Wambai ne ya cancanta, shi ke nan. Wasa ne ai, Barira, maganar rediyo."

Ta fito har da 'yar dariyarta. Ita ta zaci za a ce ta kawo akuya.

Da ta koma gida ta tarar da mijinta jingine da bango yana korar ƙudaje daga ƙafa. Ta zayyana masa yadda suka yi, tana murna. Nababa ya saurara har ta gama, sannan ya juya fuska.

"Ba zan faɗa ba," ya ce.

"Ba za ka faɗi me ba, Malam?"

"Ciroma ɗan sarki ne na cikinsa. Gadon ubansa ne."

Barira ta saki baki tana kallonsa. "Ciroman da wani ɗan birni ya zauna ya ƙaga yana shan shayi? Mutumin da ko inuwa ba shi da ita?"

"Ke ba ki gane ba."

"To Ciroman ya zo ya yi maka maimai mana! Ka aika masa, ka ce masoyinsa na Unguwar Marke yana kwance tsutsa ta kama ƙafa biyu, ya turo dogarai da fartanyu."

"Barira, duk wanda ke zama a tukubar nan ya san ba Wambai ake nufi ba. In na faɗa, na sallama."

"Ka sallama me? Akwatin Dogo? Wane alƙali ne zai karɓi shedar rediyo? Gonarka tana nan inda take, ba ƙafa gare ta ba. Ka faɗa musu abin da suke son ji, a cire mana ciyawa, in kaka ta yi ka koma ka zagi Wambai har ya gode Allah."

Ta tashi ta shiga cikin gida tana faɗa ita kaɗai, ta ce ta ga mazan da suka ƙi magana saboda sarki, amma ba ta taɓa ganin wanda zai kashe iyalinsa da yunwa saboda sarkin da batir ke riƙe da ransa ba.

Larabar ta wuce Nababa bai je ba. Labari ya zaga gari, sai ga 'yan Ciroma suna zuwa dubiya rukuni-rukuni, su da ba su leƙo ba tun da ya kwanta. Su zauna su cika zaure, su ce, "Ka yi namiji, Nababa. Ka tsaya, kada ka ba mu kunya." Su sha ruwa su tashi. Ranar nan Barira ta kasa haƙuri, ta tsaya a bayan ƙyaure ta ce, "To ku 'yan Ciroma, tunda kun yi yawa haka, ku zo ku yi mana gayyar mana." Wannan ya fara tari, wancan ya tuna bai ɗaure tunkiya ba. Gaskiyar ita ce rundunar Ciroma kaf a gandun baffanninsu suke yini, daga hantsi har azahar, ba su da ranar kansu, wasu ma fartanyar da suke riƙewa ba tasu ba ce. Suka yi wa Nababa fatan samun sauƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Aka sake tafka ruwa. Da safe Barira ta je gona, ta dawo da ƙafafu duk laka, riƙe da geron da ta tuge guda ɗaya. Ya yi ruwan ɗorawa, siriri, saiwar harƙiya ta nannaɗe tasa har ba a bambancewa. Ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta ajiye shi a kan tabarma kusa da hannun mijinta, ta zauna a gefe, ta ce a hankali, "Haka duk gonar take." Tsoro take ji, kuma ya gani a fuskarta. Daga cikin gida 'yar autarsu tana kuka tana neman koko.

Nababa ya ɗauki geron ya jujjuya shi. Can ya ce, "Ran Laraba a aro mini jakin Dogo."

Ban taɓa ganin tukubar ta cika kamar ranar ba. Har mai unguwa ya zo, wanda da yake cewa shi ba ya sauraron shirme. Aka kawo Nababa a kan jaki, ƙafafu naɗe da tsumma, aka sauke shi aka jingina shi da gindin marke. Aka kunna rediyo. Masu zaɓen sarki suka zauna, aka yi ta gyaran murya, sai ga manzo ya shigo a guje ya ce kogi ya cika Galadima bai iya hayowa ba, aka ɗage zama. Kullum a nan ake yin tsaki a fara musu, amma ranar babu wanda ya ce uffan. Dogo ya kashe akwatinsa, ido duk ya koma kan Nababa.

Ya sunkuyar da kai ya yi magana ƙasa-ƙasa.

Baffa yana zaune a kan buzu, ya kara hannu a kunne. "Kunnen nan ya yi nauyi, ɗana. Me ka ce?"

"Na ce Wambai ne ya cancanta."

"Allah Sarki. Kai da kake Ciroma ƙashi da ɓargo? Saboda me kuwa?"

Wannan ba ya cikin sharaɗi, amma wa zai tuna masa? Nababa ya ce, "Saboda shi ya riƙe gari."

"Ɗan fa?"

"Ɗa sai abin da aka ba shi."

Baffa ya juya ya dubi mai unguwa, ya dubi jama'a, fuskarsa cike da annuri. "Kun dai ji. Ba ni na faɗa ba." 'Yan Wambai suka yi shewa suna tafawa. 'Yan Ciroma kowa ya sami abin kallo a ƙasa, har da masu tsaki, su da ba su cire masa ko tsinken ciyawa ba. Dogo ya ce ai shi tun farko ya san Wambai ne. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Aka ɗora Nababa a kan jaki aka mayar da shi gida, bai ce wa kowa sai an jima ba.

Baffa dai ya cika alkawari, wannan ba za a ƙwace masa ba. Ran Asabar tun da sanyin safiya gangar Sammani ta tashi gari. Maza suka jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyarsa, aka sunkuya. Sammani yana bin su a baya yana kirari, ya ɗauki kirarin Wambai na rediyo ya liƙa wa duk wanda ya wuce gaba, shi kuma ya ƙara wuta kamar za a naɗa shi a ƙarshen kunyar. Ƙasa tana tashi, harƙiya tana kifewa, gero yana fitowa fili layi-layi yana shan iska. Aiki ne mai kyau, babu ha'inci, ko guda ba su sare ba. Barira ta iso da ƙoren fura a kai, maƙwabtanta mata na biye da ita da sauran. Da ta hango gonar sai ta tsaya cak, hawaye ya zubo mata. Ta yi ta sa albarka, ta ce a ranta da ta san haka abin yake da sauƙi da ita ma ta je ta yi wa Wambai mubaya'a tun tuni.

Rana ba ta kai tsaka ba aka fita ƙarshen gona. Ana zaune ana shan fura sai ga Baffa ya taho da sandarsa, mai unguwa na gefensa. Ya zaga, ya yaba, ya sa wa kowa albarka. Sannan ya tsaya a gefen gabas, inda layin gamba ya miƙe daga bakin hanya har ƙarshe. A ƙasarmu haka ake raba gona da gona, a dasa gamba a jere, ita ce iyaka, da rani kuma a yanka a yi zana. Wannan layin shi ya raba gonar Nababa da gandun Baffa.

Baffa ya nuna da sanda. "Wannan ciyawar fa? Yaushe gayya ta fara barin ciyawa a baya?"

Barira ta matso da sauri ta durƙusa. "Baffa, ai iyaka ce."

"Iyaka? Tsakanin uba da ɗa?" Ya yi murmushi. "Barira, kin taɓa ganin an raba gari biyu? Gandu ɗaya ne, mai riƙo ɗaya. Mijinki da bakinsa ya faɗa ran Laraba, ga mai unguwa nan, a gabansa aka yi."

"Baffa, wannan ai maganar rediyo ce. Kai ka ce wasa ne."

"Ni ma wasa na ɗauka, sai na ji yaron ya yi magana ta hankali."

Ta juya wajen mai unguwa. Mai unguwa ya ɗaga kai sama ya ce da alama akwai hadari a gabas.

Baffa ya yafito babban ɗansa, ya nuna masa gambar. Sammani ya rataya ganga, don shi inda aka ce ya buga nan yake bugawa. Ƙartin da suka gama shanye furar Barira suka tashi suka goge baki. Gamba saiwa gare ta, sai da suka haɗa da tono, amma cikinsu a cike yake. Suka tuge ta tushe bayan tushe suka tara a bakin hanya, suka ja ƙasa suka haɗe kunyar nan da ta can. Kafin a kira azahar, baƙo ba zai iya nuna maka inda gona ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba.

Da zai tafi Baffa ya tsaya kan Barira, tana nan durƙushe inda take. "Ki kwantar da hankalinki. In an yi girbi rumbu ɗaya za a zuba, kullum ki aiko da ƙwarya a auna muku. Ki gaishe da mai jiki."

Ta tattara ƙorenta ta ɗora a kai. Matan da suka rako ta suka bi ta a baya, a ƙofar gida kowace ta zame. Ta tarar da Nababa ya jawo jiki har bakin zaure, yana leƙen hanya tun da ya ji ganga ta yi shiru.

"Sun gama?" ya tambaya.

"Sun gama."

"Har bakin gamba?"

Ta sauke ƙoren a hankali, ta jera su a jikin bango, ta gyara wanda ya karkace.

"Malam, babu gamba."

Bai yi faɗa ba, bai ce na gaya miki ba, ita kuwa da ya zage ta da ta fi jin sauƙi. Ya ja jiki ya koma kan tabarma ya jingina da bango.

"Geron fa?" ya ce.

"Geron ya yi kyau," ta ce. "Baffa zai yi kaka bana."